Gana: Yaran Zango Da Farkon Karatu A Makarantun Mishan

A kowace safiya in ban da Asabar da Lahadi, daga unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango a birnin Akra, har ya zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, akan ga iyaye mata da yayye riƙe da hannuwan ƙananan yara 'yan shekaru huɗu zuwa biyar, suna ratsa lunguna domin kai su makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa. Wasu daga cikin yaran makarantun Islamiyya masu haɗa boko da Larabci ake kai su, wasu na hukumomin gundumomi, wasu kuma makarantun da majami'u suka kafa, kamar na Katolika da Methodist da Presbyterian da Anglican, waɗanda jama'a suka fi sani da makarantun mishan. Yaron da ya tashi a zango kan shiga irin wannan aji da Hausa a bakinsa, ya tarar malama na magana da Twi ko Ga ko Turanci, ya kuma tarar an buɗe harkokin ranar da addu'a da waƙoƙin yabo na Kirista. A cikin wannan hali ne ake fatan ya kama hanyar karatu, kuma abin da ya samu ko ya rasa a shekaru biyun farko kan bi shi har ƙarshen zamansa a makaranta.

Alƙaluma sun yi nuni da cewa lamarin ba na wasa ba ne. A shekara ta 2013, da kuma ta 2015, hukumar ilimi ta Gana, tare da taimakon Amurka, ta gwada iya karatun yara 'yan aji biyu na firamare a makarantun gwamnati a faɗin ƙasar. Sakamakon ya girgiza mahukunta, domin kimanin kashi 2 cikin ɗari ne kawai suka iya karatu ba gargada tare da fahimtar abin da suka karanta. A gwajin na 2013 aƙalla rabin yaran sun kasa karanta ko da kalma guda daidai, da Turanci ne ko da harsunan gida. Kuma matsalar ba ta tsaya ga Gana ba. A shekara ta 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara, kashi 89 cikin ɗari na yara kan kai shekaru goma ba su iya karanta gajeren labari su gane shi ba. Wannan shi ne ya sa hankali ya koma kan ajin share fagen shiga firamare, wanda a Gana ake kira KG, kuma wanda tun daga sauye-sauyen 2007 da dokar ilimi ta 2008 ya zama shekaru biyu na tilas a cikin tsarin ilimin tushe.

Gadon 'yan mishan na farko

Makarantun majami'u a Gana suna da dogon tarihi a wannan fage. A ƙarshen shekara ta 1828 ne 'yan mishan na farko daga birnin Basel na ƙasar Suwizalan suka sauka a Osu, wadda a yau take cikin Akra, inda cututtuka suka halaka su cikin ɗan lokaci. Andreas Riis, wanda ya biyo bayansu, ya haura kan tuddai ya zauna a Akropong a 1835. A shekara ta 1843 aka kawo wasu Kiristoci baƙar fata daga tsibiran Jamaika da Antigua domin su taimaka, kuma a wannan shekara ce aka buɗe makarantar Salem a Osu, inda wata malama mai suna Catherine Mulgrave ta taka muhimmiyar rawa. A 1848 kuma aka kafa kwalejin horon malamai a Akropong, wadda har yau take aiki.

Abin lura a nan shi ne manufar da 'yan mishan ɗin suka bi game da harshe. Sun yi imani cewa mutum ba zai karanta Littafi Mai Tsarki ya shiga zuciyarsa ba sai da harshen da ya sha a nono. Saboda haka Johannes Zimmermann ya duƙufa kan harshen Ga, Johann Gottlieb Christaller kuma, wanda ɗan asalin garin Winnenden ne a kudancin Jamus, ya duƙufa kan Twi tare da 'yan ƙasa irin su David Asante da Theophilus Opoku. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Twi a 1871, ƙamus ɗin Christaller kuma ya fito a 1881, bayan da ya tattara karin magana 3,600 na harshen. A makarantunsu yaro kan fara karatu da harshensa, daga baya a shigo masa da Turanci. Ko da yake addini ne ya kai su ga wannan hanya, masana ilimi na wannan zamani sun isa gare ta ta wata ƙofar, wato ta bincike. Ita kanta kalmar kindagatin, mai ma'anar lambun yara, daga Jamus ta fito, inda Friedrich Froebel, ɗan wani limamin majami'a, ya raɗa ta a 1840 a garin Bad Blankenburg, bisa ra'ayinsa na cewa da wasa da waƙa ƙaramin yaro ke koyo.

Kunne kafin ido

Da yawa daga cikin iyaye na ɗauka cewa karatu na farawa ne daga ranar da yaro ya riƙe fensir. To sai dai bincike ya nuna cewa daga kunne da baki yake farawa. Wani kwamitin masana a Amurka, wanda ya yi bitar ɗaruruwan nazarce-nazarce ya fitar da rahoto a 2008, ya gano abubuwa shida da suka fi nuna yadda karatun yaro zai kasance a gaba. Daga ciki akwai sanin haruffa da sautukansu, da iya tsinkayar sautukan da ke cikin kalma, da iya rubuta sunansa, da kuma riƙe abin da ya ji na ɗan lokaci. Kusan dukkansu ana iya gina su ba tare da kayan aiki masu tsada ba.

A ajin da malama ta samu horo mai kyau, aikin kan fara ne tun daga kiran suna. Yara na zaune a da'ira kan tabarma, ana tafa wa kowane suna hannu gwargwadon gaɓoɓinsa: Kofi tafi biyu, Amina tafi uku, Abubakar tafi huɗu. Daga nan sai a nemi waɗanda sunayensu suka fara da sauti ɗaya su miƙe tare, sai ka ga Musa da Mansa da Mariya sun tashi suna dariya. Yaron bai ga harafi ko ɗaya ba tukuna, amma ya fara gane cewa magana ba dunƙule take ba, ana iya rarraba ta a kuma sake harhaɗa ta. Wannan ganewa ita ce ginshiƙin karatu. Wanda ya ji bambancin da ke tsakanin gida da gada da guda, ba zai sha wahala ba ranar da aka nuna masa cewa harafi ɗaya ne tak ya raba su a rubuce.

Bayan haka ne harafi ke shigowa, ɗaya bayan ɗaya, kowane da sautinsa. Akan zana shi da yatsa a iska, a zana a cikin tiren yashi, a murza laka a yi siffarsa, ko a jera marafan kwalba a kan layinsa, kafin a zo ga ƙaramin allo da alli. Dalili kuwa shi ne yatsun ɗan shekara huɗu ba su yi ƙwarin da zai cika shafi da rubutu ba, kuma tilasta masa yin haka kan sa ya tsani littafi tun bai san daɗinsa ba. Kazalika akan liƙa suna a jikin ƙofa da taga da randar ruwa da ƙusar da kowane yaro ke rataye jakarsa, domin ya riƙa ganin cewa rubutu na ɗauke da ma'ana, ba ado ba ne.

Ita kanta al'adar majami'a ta ba wa irin waɗannan makarantu wani jari, wato waƙa da labari. Waƙoƙin yabo na yara gajeru ne, suna da maimaici da kari, ana kuma yin su da tafi da rausaya, abin da ke horar da kunne da ƙarfafa hadda. Idan malama ta rubuta baitin da yara suka riga suka haddace da manyan haruffa a jikin kwali, tana bin kalmomin da sanda daga hagu zuwa dama yayin da ake rerawa, to a hankali yara kan gane inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Dangane da labari kuwa, bambancin yana ga yadda ake ba da shi. Tun a 1988 masanin nan na Amurka, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa suka nuna cewa yaro ya fi ƙaruwa da kalmomi idan babba ya riƙa tsayawa yana tambayarsa, yana barinsa ya ci gaba da labarin da bakinsa, maimakon ya zauna shiru yana sauraro. Saboda haka a labarin jirgin Nuhu, alal misali, malama kan tsaya ta tambayi wace dabba ce za ta shiga bayan giwa, me za ta ci a cikin jirgin, kuma me ya sa aka saki kurciya. Kowace amsa dama ce ta sabuwar kalma.

Hausa ba ta cikin jerin

A nan ne matsalar yaron zango ke bayyana, domin duk waɗannan wasanni na kunne sun fi tasiri da harshen da yaro yake ji. Manufar Gana game da harshen koyarwa ta sha sauyawa tun bayan samun 'yancin kai a 1957. A shekara ta 2002 gwamnati ta mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko, matakin da ya jawo suka daga masana. Daga bisani aka ɓullo da shirin nan da ake kira NALAP, wanda ya tanadi cewa daga KG zuwa aji uku na firamare yaro zai koyi karatu da harshen gida, ana ƙara masa Turanci sannu a hankali. A watan Oktoban 2025 ma ministan ilimi, Haruna Iddrisu, ya sake ba da umarnin a yi aiki da harshen uwa a ƙananan azuzuwa. A ƙarƙashin shirin NALAP, harsuna 11 ne gwamnati ta amince da su a makarantu: Twi na Asante da na Akuapem, da Fante, da Nzema, da Ga, da Dangme, da Ewe, da Dagbani, da Dagaare, da Gonja, da kuma Kasem. Hausa ba ta ciki, duk kuwa da cewa ita ce harshen cuɗanya a yawancin zangunan ƙasar, kuma gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita.

Sakamakon haka yaron da ya fito daga gidan da Hausa ake yi kan tarar da harshen gida na makaranta ma baƙo ne a wurinsa. A Kumasi, inda Twi ya game ko'ina, yara da yawa kan ɗauke shi a titi da kasuwa tun suna ƙanana, don haka abin ya zo musu da ɗan sauƙi. A Akra kuwa, inda aji guda kan haɗa masu jin Ga da Twi da Ewe da Hausa da Dagbani, malamai da dama kan koma ga Turanci kawai. Makarantun majami'u masu zaman kansu, waɗanda ake biyan kuɗi, su ma galibi da Turanci suke tinƙaho, domin shi iyaye ke nema. Ga shi kuma rubutun Turanci na da wuyar sha'ani ga mai fara koyo, saboda haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kimanin 44, har harafi guda kan sauya sauti daga wannan kalma zuwa waccan, saɓanin Twi ko Hausa inda galibi yadda aka rubuta haka ake furtawa. Yaron da aka ɗora wa sabon harshe da sabon rubutu a lokaci guda, mafita ɗaya gare shi: ya haddace. Sai a ji shi yana rera haruffa daga farko har ƙarshe tare da 'yan aji, amma in an nuna masa guda shi kaɗai sai ya yi shiru.

Duk da haka akwai dabarun da ba su buƙatar sauya doka. Malamar da ba ta jin Hausa na iya koyon kalmomi ashirin ko talatin na yau da kullum, ta kuma bar yaro ya fara amsawa da harshensa kafin a maimaita masa da na aji. Tana iya zaunar da shi kusa da wanda ke jin harsunan biyu, ko ta gayyaci wata uwa ko kaka daga unguwa ta zo ta yi wa yara tatsuniya. A nan ma akwai mahaɗa, domin Ananse na tatsuniyoyin Akan da Gizo na Hausawa duk gizo-gizo ne, kuma halinsu na wayo da haɗama kusan ɗaya ne. Ranar da aka kawo labarin Gizo aji, yaron da ya yi makonni bakinsa a rufe kan zama shi ne mai gyara wa malama.

Daɗin daɗawa, yaron zango ba ya zuwa hannu rabbana. Yawancinsu na zuwa makarantar allo da yamma ko a ƙarshen mako, inda suke koyon babbaƙu da farfaru, wato haruffan Larabci da wasullansu, suna kuma haddace gajerun surori. Wanda ya riga ya san cewa alama a kan allo tana da sauti, kuma ana haɗa sautuka su ba da kalma, ya riga ya kama sirrin karatu, ko da da wane irin rubutu ne. Abin da yake bukata shi ne a yi masa bayani a fili cewa wancan daga dama ake fara shi, wannan kuma daga hagu. Malamar da ba ta san da wannan ba, in ta ga yaro ya fara rubuta sunansa daga gefen dama, tana iya ɗaukarsa daƙiƙi, alhali rubutu biyu yake fama da su a lokaci guda.

Abin da iyaye ke tsammani

Wani cikas ɗin kuma daga gida yake fitowa. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, masu bincike daga jami'o'in New York da Pennsylvania sun gudanar da wani gwaji a makarantun share fage 240, na gwamnati da masu zaman kansu, a gundumomi shida na yankin Akra. An ba wa malamai ɗan gajeren horo kan koyarwa ta hanyar wasa da kuma ladabtarwa ba da bulala ba, ana kuma bin su aji ana yi musu gyara. Yaran waɗannan malamai sun nuna ci gaba a fannin karatu da lissafi da zamantakewa. Amma abin mamaki, a makarantun da aka ƙara da tarurrukan wayar da kan iyaye, ci gaban da yaran suka samu ya gushe. Ɗaya daga cikin bayanan da masu binciken suka kawo shi ne cewa iyaye da dama ba su gamsu da koyo ta hanyar wasa ba. Ga wanda ya sha wahala kafin ya biya kuɗin makaranta, littafin da aka cika da rubutu da aikin gida su ne shaidar cewa kuɗinsa bai tafi a banza ba. Darasin da ke cikin wannan shi ne cewa bai wadatar a tara iyaye a yi musu lacca ba. Sai sun ga da idonsu yadda tafi da waƙa ke zama karatu.

Batun amana

Ba za a kammala wannan bayani ba tare da an taɓo batun addini ba. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa kimanin kashi 71 cikin ɗari na 'yan Gana Kirista ne, kusan kashi 20 kuma Musulmi. A zamanin mulkin mallaka, da ma bayansa, iyaye da yawa a zanguna sun ƙi kai 'ya'yansu makarantun mishan don tsoron kada a sauya musu addini, abin da ya jawo musu koma-baya a ilimin boko. Kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi a 1987 ya rage wannan giɓi. A yau Gana na daga cikin ƙasashen da ake misali da su wajen zaman lafiya tsakanin addinai, kamar yadda aka gani a watan Afrilun 2019 lokacin da babban limamin ƙasar, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci majami'ar Katolika ta Christ the King a Akra ranar bikin Ista. To amma cece-ku-cen da ya tashi a 2021 kan azumin ɗalibai Musulmi a makarantar sakandaren 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast ya nuna cewa har yanzu da sauran aiki, musamman da yake yawancin makarantun mishan gwamnati ce ke biyan malamansu.

A ajin 'yan shekaru huɗu lamarin ya fi bukatar hattara, domin ƙaramin yaro ba ya tace abin da ya ji, duk abin da Madam ta faɗa gaskiya ce a wurinsa. Labarin Nuhu da jirgi, da na Yusufu da 'yan'uwansa, da na Musa da aka sa a kogi yana jariri, da na Yunusa a cikin kifi, duk suna cikin Littafi Mai Tsarki suna kuma cikin Alƙur'ani, ko da yake da bambance-bambance, kuma yaron zango kan zo da su daga gida. Amma akwai wuraren da aƙidun suka rabu, kamar matsayin Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, sannan Musulmi da yawa ba su yarda a zana hoton annabawa ba, alhali littattafan yara na Kirista cike suke da irin waɗannan hotuna. Majami'u na da hujjar cewa su suka kafa makarantun bisa aƙidarsu, iyaye kuma na da haƙƙin sanin abin da ake cusa wa 'ya'yansu. Makarantar da ta faɗa wa iyaye gaskiya tun ranar ɗaukar yaro, game da addu'ar safe da waƙoƙi da littattafai, ta fi samun haɗin kansu. Haɗin kan kuwa na da nasaba kai-tsaye da karatu, saboda uwar da ta amince da makaranta ita ce za ta zauna da yaro da dare ta ce ya ba ta labarin da aka yi musu yau, ko da ita kanta ba ta iya karatu ba.

Masu iya magana kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekaru fiye da 150 ke nan tun da Christaller da abokan aikinsa suka zauna a tuddan Akuapem suna tattara kalmomi daga bakin jama'a, domin yaro ya fara karatu da harshen da yake mafarki da shi. Majami'un da suka gaji makarantunsu a yau suna karɓar yaran da harshensu ba ya cikin jerin na gwamnati, kuma addininsu ba na makarantar ba ne. Ko waɗannan yara za su kai aji biyu suna karatu da fahimta, ko kuwa za su shiga sahun masu rera haruffa ba su san su ba, amsar na hannun malamar da ke zaune kan tabarma da safe tana tafa wa sunayensu hannu, da kuma iyayen da suka damƙa mata amanarsu.